Yadda Na Koyi Noman Shanu Daga Gaban Galma

Jama'a, ku yi mini uzuri idan rubutun yau ya karkace, wuyana ne ba ya juyawa. Ina zaune bisa tabarma a zaure, takarda a kan gwiwa, wanda duk ya yi sallama ta dama sai na juya da jikina gaba ɗaya kafin in ga ko wane ne. Dalili kuwa, yau da hantsi, a cikin gonata ta tudu, a gaban mutanen garinmu da na ƙauyukan kewaye, har da Bature da manyan da ke take masa baya, ni Lauwali, mai furfura a gemu, mai surukai da jikoki, anka ɗora wa karkiyar shanu a wuya na ja galma. Ba alƙali ne ya yanke mini wannan hukunci ba, kuma ban zautu ba. Karatu ne. Har takardar shaida an ba ni.

Bari in faro muku daga tushe.

Garinmu ɗan ƙarami ne tsakanin Wurno da Marnona. Da rani muna fadama muna ban-ruwan albasa, da damina mu hau tudu. Bara anka buɗe mana ajin manya a gindin tsamiyar bakin masallaci, anka turo mana malami, Malam Atiku, mutumin wajen Rabah, mai haƙuri, da matarsa da jinjirinsu. A hannunsa na koyi boko, shi ya sa kuke shan surutuna a wagga jarida. Tun da na iya haɗa baƙi da wasali ban bar kowa ya huta ba. Buhun gishiri ya wuce sai na tsayar da jakin na karanta abin da ke jikinsa. Da anka tashi naɗa sarkin aji ni anka ba. A lokacin na ɗauka don ƙoƙarina ne. Daga baya na ji cewa don muryata ta fi ta kowa ƙarfi ne, idan na ce a yi shiru har awaki suna ji.

Bana sai ga labari cewa aji ya girma, ba karatu kaɗai ba, har da sana'a. Mata za a koya musu saƙa da ɗinki a cikin gida, maza kuma noman shanu. Wanda duk ya ƙare, in ji su, za a ba shi shanu biyu da galmar ƙarfe. Ku da ba ku taɓa wuni a duƙe da kalme, fartanyar nan tamu, a hannu ba, ba za ku gane abin da wanga labari ya yi mini ba. Bayana ya daɗe yana yi mini gargaɗi. Da safe sai na dafa bango nake miƙewa. Tun mai shela bai rufe baki ba na riga na isa gindin tsamiya.

Na koma gida na ce wa mai ɗakina, "Kaltume, daga bana na gama duƙawa. Zan riƙa bin shanu a tsaye, kamar mai zuwa gaisuwar suna."

Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "To Malam, shanun ina suke?"

"Suna tafe."

"Allah shi kawo su lafiya."

Kuma sun zo lafiya, wannan kam ba a yi mana ƙarya ba. Bijimai biyu farare, masu tozo, an riga an hore su, da galma mai koren fenti tana ƙyalli. Anka ɗaure su a inuwa, gari duka ya fito kallo.

Ranar buɗe aji sai ga babban baƙo. Ba zan faɗi sunansa ba don ina son in ci gaba da kwana a ɗakina. Mu kira shi Mai Girma Uban Shiri, tun da kowane shiri na ci gabanmu a bakinsa ake haihuwarsa. Bai zo shi kaɗai ba, girmansa ya wuce haka. Akwai mai riƙe masa buta, da mai riƙe masa mafici, da mai riƙe wa mai buta takalmi, da waɗansu da har sunka tafi ban gano aikinsu ba sai dai sun iya cewa "Gaskiya ne." Ya yi jawabi har inuwar tsamiya ta gudu ta bar mu a rana. Ya ce zamanin duƙawa ya wuce. Ya nuna ni da sanda ya ce gonar sarkin aji ce za a fara huɗawa da waɗannan shanu, don sauran talakawa su gani su yi koyi. Wallahi sai da na ji hawaye.

Bayan jawabi anka fito da abinci. Jama'a, na ci nama a duniya, amma ban taɓa cin irin na ranar ba. Da yake ni ne sarkin aji, har tozo anka sa mini a akushi. Na ci, na ƙunsa saura a ganye na kai gida, kafin nan kuma na miƙe a gaban kowa na yi wa Mai Girma doguwar addu'a, Allah ya ƙara masa irin wannan hannun kyauta.

Washegari munka hallara don darasin farko. Na duba inuwa na ga sa guda yana tuƙa shi kaɗai.

Na ce, "Malam Atiku, ina ɗan'uwansa? An kai shi shan ruwa?"

Malam ya dubi ƙasa. Sai maƙwabcina Maccido, masunci, dogo kamata, wanda bai iya zagaye magana ba, ya ce, "Lauwali, jiya mi ka ci?"

"Nama."

"Naman mi?"

Na shafa cikina. Abin da ya faru shi ne, 'yan rakiyar Mai Girma sun fi abin da gari ya shirya wa yawa, rana ta yi, tukwane ba su isa ba. Sai ɗaya daga cikin masu cewa "Gaskiya ne" ya tuna cewa saƙon da ya zo da shanun ya ce na taro ne. To ga taro, ga shanu. Malam Atiku yana can yana jera tabarmi, kafin ya ji labari an riga an feɗe.

Malam ya ɗaura takalmi ya tafi ya kai kuka inda ya kamata. Kuma a nan dole in yaba wa manyanmu, ba su yi wasa da maganar ba. Sunka turo masu bincike. Da yake bincike ya fi buɗe aji nauyi, tawagar ta fi ta farko yawa. Sunka duba turken da anka ɗaure marigayin. Sunka ɗaga igiyar sunka jujjuya. Sunka zagaya wanda ya rage suna kallonsa, shi ma yana kallonsu. Can babbansu ya gano wani abu da mu jahilai ba mu lura da shi ba: karkiya ta shanu biyu ce, sa guda ba ya ja, ajiye shi kuwa asarar harawa ce kawai. Yana rufe baki anka kira azahar.

A wannan karon na san ko naman wane ne. Na tashi na ce ni ba zan ci ba, na faɗa da muryar nan tawa da awaki ke ji. Na riƙe maganata har lokacin da anka ajiye akushi a gabana, tururi ya bugi hancina. Maccido ya ce, "Ci, Lauwali. Ko ka ƙi, ba tashi zai yi ba." Na ga maganarsa da hujja.

Masu bincike sunka tafi da sakamako cewa shanun sun salwanta ne a hannun malamin aji, saboda shi anka damƙa wa, amma an yi masa afuwa zuwa a gani, kuma waɗansu shanun suna tafe.

Ruwa ya sauka. Na shuka geron bayan gida kamar kowa, amma babbar gonar tudu, wadda dawarta ke riƙe gidana har wata damina, na bar ta. Ai Mai Girma da bakinsa ya ce ita za a fara huɗawa. Yaya zan sa mata hannu in kunyata shi? Maƙwabta sunka yi huɗarsu da hannu, sunka shuka, tsiro ya fito. Tawa ta zama wurin kiwon awakin gari.

Kaltume ta ce, "Malam, dawa ba ta san Mai Girma ba fa."

Na ce mata harkar ilimi ce, ba za ta gane ba. Ita kuwa a lokacin har ta saƙa wa jikanmu hula a nasu ajin, don su zare da allura anka ba su, abin da ba ya shiga tukunya.

Malam Atiku bai rufe aji ba. Ya zana mana sa a allo, ko da yake Maccido ya rantse kare ne. Ya koya mana sunan kowane ƙarfe a jikin galma, da yadda ake sassauta ta da yadda ake nutsar da ita. Wata rana ya ce, "Karatun baki ya isa. Ina son mutum biyu su riƙa mini karkiya, a ga yadda ake ɗaurin igiya kawai."

Wa zai fara fita in ba sarkin aji ba? Na fita. Malam ya ce karkiya tana son kafaɗu daidai, sai anka duba anka ga Maccido ne tsawona. Ranar tsayuwa kawai munka yi. Kashegari Malam ya ce mu ɗan taka, don mai riƙe galma ya ji yadda take motsi. Ƙasar tudu rairayi ce, in ta sha ruwa ba ta da gardama, sai galma ta bi mu. Shi ke nan. Daga ranar kowa ya zo aji sai ya bi layi ya kama galma ta baya, ni da Maccido muna gaba. Tsoho Hamidu, wanda hannunsa ke rawa in ya riƙe alli, ya zama gwani. Ni ma na ƙware, amma ta wani fanni. Ko ban waiga ba ina gane wanda ke riƙe da galma daga yadda take cizon kafaɗata. In an ja igiyar hagu, ƙafata ta juya kafin hankalina ya ji.

Da na ga abin zai zame mini sana'a, sai na tafi ruga wurin Buba. Buba abokina ne tun muna samari, shanunsa ke kwana a gonata da rani suna bar mini taki. Na same shi yana jingine da sanda.

Na ce, "Buba, ara mana bijimai biyu."

"Su yi mi?"

"Su ja galma, mu koya."

Ya dube ni kamar na ce ya ara mini 'ya'yansa. Ya ce, "Kaɗo, kowace saniya a nan tana da suna, uwarta ma tana da suna. Garin da sa ke shiga aji da safe ya fito a akushi da azahar, can zan kai nawa? Ko ƙashi ban ji kun aiko mini ba."

Na dawo da ƙwaryar nono, ba sa.

Shekaranjiya da la'asar Malam Atiku ya yi sallama a zaurena. Ya zauna a bakin tabarma, ya daɗe yana murza hularsa. Ya ce, "Kawu, Bature zai zo duba aji. In ya tarar ba shanu, ni za a kora, don sunana ke kan maganar. Ban san inda zan nufa da iyali cikin damina ba."

Na ce, "To mi manya sunka ce?"

Ashe manya sun riga sun yi shiri, Allah ya ƙara musu basira. Akwai waɗansu shanu biyu da ke tafiya gaban Bature. In zai duba ajin wajen Goronyo, a can zai same su. Yana juya baya a kora su su riga shi zuwa na wajen Rabah, a canja musu igiya, a shafa wa ɗaya laka a goshi don kada ya shaida su. Yanzu layi ya zo kanmu. Saura gonar da za a yi gwaji, kuma duk garin gona guda ce ta rage ba a huɗa ba.

Na shiga gida ina taƙama. Na ce, "Kaltume, kin gani? Da na bi taki, da yanzu ina za a kai Bature?"

Yau da asuba anka yi ruwa mai yawa. Da gari ya waye jama'a sunka cika bakin gonata, har da mazan 'ya'yana biyu da sunka zo daga Magarya don su ga surukinsu ya zama babban manomi. Na sa rigata ta sallah. Munka jira shanu. Sai ga mutum a guje, jiƙe sharkaf, ya ce gulbi ya kawo, shanu suna wancan ƙetare, sun ƙi shiga ruwa.

Fuskar Malam Atiku ta zama kamar toka. Ya ce, "Kawu, kafin a san abin yi, mu ɗan maimaita, kada mutane su watse. Bature sai rana ta take zai iso." Na tuɓe rigar sallah na rataye a reshe. Malam ya ɗaura mana karkiya, kuma da yake a gaban jama'a ne, ya yi ɗaurin nan na ƙa'ida, ƙulli bisa ƙulli, da igiyar da ta sha ruwa.

Ba mu kai tsakiyar gona ba munka ji kukan mota.

Malam ya kama ƙulli da yatsu, ya ƙi. Ya sa haƙori, ya ƙi. Maccido ya ce a gudu, ya nufi hagu, ni na nufi dama, karkiya ta tuna mana cewa tafiyarmu ɗaya ce. Muna cikin wannan kokawa Bature ya sauko, dogo, ja, da faffaɗar hula, Mai Girma Uban Shiri yana gefensa, masu buta da mafici suna biye.

Bature ya tako har gabanmu. Irin Turawan nan ne da sunka koyi Hausa a littafi, kowace kalma sai ya ajiye ta a hankali kamar ƙwai. Ya ce, "Sannunku da aiki."

Tarbiyya ba ta barin mutum. Na durƙusa don in gaishe shi, na manta ba ni kaɗai ba ne, na jawo Maccido munka zube tare. Daga ƙasa na ce, "Yawwa, ranka shi daɗe."

A nan na ga abin da ya sa waɗansu ke zama manya mu muna zama talakawa. Mai Girma ko gezau bai yi ba. Ya gyara rawani ya ce wannan sabuwar dabara ce da shi da kansa ya ƙirƙiro: ɗalibi ba zai riƙe sa ba sai ya ɗanɗana abin da sa ke ji, don ya tausaya masa. Na baya sunka ce, "Gaskiya ne."

Bature ya ce yana son ya gani.

Na dubi bakin gona. Surukaina biyu sun sami wani abu mai muhimmanci a ƙasa suna kallo. Mata suna can bayan darni, na san Kaltume tana cikinsu. Buba ma ya zo, yana tsaye da ƙafa guda, ya dogara da sandarsa. Da a ce ƙasa za ta yarda, da na shige. Sannan na dubi Malam Atiku, na tuna maganar korarsa. Mutumin nan shi ya kama hannuna ya koya mini rubuta sunana, bai taɓa yi mini dariya ba ko ranar da na rubuta shi a juye.

Na ce, "Maccido, tashi. In za mu zama shanu, mu zama na kirki."

Tsoho Hamidu ya kama galma. Munka ja. Jama'a, ban taɓa ja irin na yau ba. Igiya tana cin wuyana, bayana yana kiran sunan kakannina, amma munka kai ƙarshen gona munka juyo ba tare da an ja mana igiya ba. Da na waiga, kunyar da Hamidu ya tayar ta miƙe sak kamar an ja zare.

Bature ya bi kunyar da kallo, ya tsuguna ya taɓa ƙasar, ya gyaɗa kai. Ya tambayi wanda ya koyar, anka nuna Malam Atiku. Sai ya dawo gabana, ina haki, ya ce, "To, ina shanu?"

Mai Girma ya kafa mini ido irin na wanda ya san hanyar gidana. Malam Atiku ya rufe nasa idon. In na ce an yanka, na san wanda za a yanka bayansu. In na ce suna ƙetaren gulbi, na yi wa baƙo ƙarya da furfurata a gaban surukaina. Ban san daga inda maganar ta fito ba, sai na ji bakina ya ce, "Suna cikinmu, ranka shi daɗe."

Bature ya dube ni, ya dubi Maccido, ya dubi karkiya. Ya ce, "Duka biyu?"

"Duka biyu, ranka shi daɗe."

Wani a bayan taro ya yi tari irin wanda ba na mura ba. Bature ya juya ya dubi Mai Girma, ya fara daga rawani ya gangaro a hankali har inda babbar riga ta fi tudu, ya tsaya a nan ɗan lokaci. Sannan ya ce, "Madalla." Ko ya gane cikin da nake nufi, ko ya ɗauka ni da Maccido nake nufi, Allah kaɗai ya sani, littafin da ya koya a ciki ban san iyakarsa ba. Abin da na ji da kunnena shi ne ya ce malamin nan ya iya koyarwa, a bar shi a nan. Ya kuma yaba wa Mai Girma bisa dabararsa, ya ce zai so ya ga ranar da shi ma zai gwada ta. Na baya sunka fara cewa "Gaskiya," sunka haɗiye sauran.

Anka raba takardun shaida a nan take. Tawa anka soka mini a hula don hannuwana suna riƙe da karkiya. Na karanta ta ɗazu da kaina. Ta ce Lauwali ya ƙware a riƙon galmar shanu. Ni kuwa, Allah shi ne shaida, har yau ban taɓa ganin galmar nan ta baya ba.

Bature ya shiga mota. 'Yan rakiyar Mai Girma kuwa sunka fara neman inuwa suna kallon rana. Maccido ya matso da bakinsa kusa da kunnena, abin da ba wuya tun da a ɗaure muke, ya ce, "Lauwali, ka ce a kawo wuƙa a yanke igiyar nan tun ba a kira azahar ba."

Da anka ji an ce wuƙa da azahar a wuri guda, sai dariyar da mutane ke dannewa tun safe ta ɓalle. Har surukaina. Har ni, ina yi wuyana yana zafi. Tawaga ta ga babu abin da ke kan wuta, ta tattara butocinta ta bi mota.

Abin da ya biyo baya ban zata ba. Tsoho Hamidu ya ce kowa ya koyi galma a kan wuyan Lauwali, ba za a bar gonarsa haka ba. Maza sunka koma gida sunka ɗauko galmunansu na hannu, anka yi mini gayya. Kafin la'asar sakaliya an huɗe gonar tas, gobe in Allah ya kai mu za a jefa iri. Ta makara, amma masu gani sun ce dawa za ta kama in ruwa ya yi mana adalci. Malam Atiku ya zo ya durƙusa a gabana zai yi mini godiya. Na ce ya tashi, ni ban iya sunkuyowa in ɗaga shi ba.

Buba ya tako a hankali, ya zagaya ni yana duba wuyana kamar mai ciniki a kasuwar Gandi. Ya ce, "Kaɗo, ƙafarka ta hagu tana ja da baya, ba za ka yi tsada ba." Sannan ya ce yana da 'yan bijimai biyu da ba su gama girma ba, Malam ya riƙa zuwa ruga yana horar da su, baɗi mu gwada. Sharaɗinsa guda ne: ranar da duk anka ji manya za su zo, shanunsa suna daji tun asuba. Ya ce wannan ba sai an koya musu ba, sun saba tun lokacin jangali.

Shanun ƙetare kuwa sun iso bayan an gama komai, ƙashin haƙarƙarinsu a waje, laka na nan a goshin ɗaya. Ko ruwa ba su gama sha ba anka kora su gaba, don gobe Bature yana da wani ajin da zai duba.

Yanzu ga ni, Kaltume ta shafa mini man shanu a wuya, tana yi tana cije leɓe. Na ce in dariya ce ta yi ta huta. Ta ce ita ba dariya take ba, tana tunanin ko tuwo za ta kawo mini ko dusa.

Ina miƙa godiya ga Mai Girma Uban Shiri, wanda ya yi mana alkawarin za mu daina duƙawa a bayan kalme, ya kuma cika, don yau a gaba na duƙa. Na ji mai shela ɗazu yana cewa saboda nasarar da ajinmu ya samu, da kaka za a buɗe mana na kiwon kaji, za a aiko da zakarun Turai da kaji masu yawan ƙwai, kuma Mai Girma da kansa zai zo buɗewa da dukan jama'arsa. Na aika wa Malam Atiku tun yanzu cewa a nemi wani sarkin ajin. Cara dai in an matsa zan iya, muryar tana nan. Amma ƙwai, ko Bature ne ya tsaya a kaina, sai dai a kori malam.